Yadda na canza fahamat ɗin birkin babur a Jidda, daga gareji har wurin fahas

'Yan'uwanmu masu neman abinci da babur sun yi yawa a Jidda yanzu, wasu na kai saƙon abinci, wasu na yi wa shaguna aike, kuma da zarar birki ya fara kuka tambayar kowa ɗaya ce: ina za a kai shi, me za a saya, nawa za a kashe. Ban daɗe da gama wannan zirga-zirgar ba, shi ya sa na ga gara in zayyana yadda ta kasance tun abin yana sabo a kaina. Babur ɗina ɗan Indiya ne mai inji 150, irin wanda ya cika titi. Birkin gabansa na faifai ne mai aiki da mai, na baya kuma na dorom ne, wanda ke ɓoye cikin cibiyar taya. Aikina aike ne a wani shagon yadi da ke wajen Bab Sharif, kuma wanda ya san lungunan Balad, tsohon cikin garin Jidda, ya san hannun mai babur ba ya sauka daga kan birki tun safe har dare.

Alamar farko ƙara ce siririya idan na matsa birkin gaba ina tafiya a hankali. Ba a jima ba sai ta rikiɗe ta zama gurza mai kauri, ana jin ƙarfe na cin ƙarfe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne idan na sauka ina tura babur ɗin da hannu, sai in ji ya yi nauyi, tayar gaba ba ta sakin jiki, kuma bayan 'yar gajeriyar tafiya faifan ya yi zafin da ba a iya kai masa yatsa. Ga shi istimarata, wato takardar rajistar babur, ta kusa ƙarewa, sabunta ta kuwa sai da takardar fahas, wato binciken lafiyar abin hawa. Babu yadda za a yi in kai musu babur yana wannan gurnani.

Neman gareji shi ya fara cin lokacina. Da can ba a tambayar inda ake gyaran babur, don a Hindawiyya da Karantina da Sabil duk lungun da ka leƙa akwai mai sifana a hannu. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin nan a ƙarshen 2021, aikin ya ci gaba cikin 2022, masu sana'a suka watse, kowa ya kama gabansa. Na fara leƙa garejin motoci biyu da ke kan hanyata. Na farko ko kallon babur ɗin bai yi ba ya ce ba aikinsu ba ne. Na biyu ya ce zai yi, amma da na ga yaronsa ya ɗauko katuwar sifanar tayar mota ya nufo ni, sai na ce na gode, zan dawo. A zauren WhatsApp na 'yan garinmu aka ba ni kwatancen wani dattijo bakanike, Bahaushe haifaffen nan, wanda ya koma kudancin gari da sana'arsa. Kowa Kawu yake ce masa, ni ma haka na bi. Na isa da tsakar rana na tarar da ƙofa a ja. Lokacin zafi ne, kuma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana sa ma'aikata aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, garejin da rabin aikinsa a bakin titi ake yi kuwa rufewa yake sai bayan La'asar. Na samu inuwar wani masallaci na zauna, ina ta amsa kiran maigidana ina ba shi haƙuri.

Da Kawu ya buɗe, bai taɓa ko noti ɗaya ba sai da ya sa na ɗaga babur ɗin a kan ƙafarsa ta tsakiya, na danne bayansa, shi kuma ya juya tayar gaba da hannu. Ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya. Ya haska cikin gidan birkin da fitilar wayarsa, ya yi shiru, sannan ya kwance notuna biyun da ke riƙe da gidan, ya zare ƙusar da fahamat ɗin ke rataye a kanta, ya ajiye mini su a tafin hannu. Fahamat dai su ne ƙarafan nan biyu masu ɗauke da abin da ke damƙe faifai, kuma da wannan sunan za ka nema a shago a nan. Ɗaya ya cinye ƙarƙaf, sai ƙarfe tsirara yana ƙyalli. Ɗayan kuwa da sauran namansa mai kauri, har tsagar da ke nuna iyakar lalacewa ba ta ɓace ba. Ya ce, "Ɗana, me ka gani?" Na ce na ga ɗaya ya ƙare ɗaya bai ƙare ba. Ya ce, "To ai ciwon ke nan. Tare aka sa su, tare ya kamata su tsufa. In na sa maka sababbi yanzu na sallame ka, kafin watan Rajab ka dawo mini da irin wannan."

Daga nan ya koma kan faifan. A jikin kowane faifai akwai lambar da aka buga, mafi ƙarancin kaurin da ya halatta a ci gaba da amfani da shi, nawa milimita 3.5 ne. Ya auna a wurare daban-daban, yana kauce wa bakin da ya yi tudu, ya samu wajen 3.8. Akwai 'yan zane-zane inda ƙarfe ya gurje shi, amma ba su yi zurfin da farce zai maƙale ba. Na tambaye shi ko a kai a yi masa karta a injin, yadda ake yi wa na mota. Ya ce faifan babur siriri ne, ba shi da naman da za a rage, ko dai ya yi ko a sauya shi. Nawa ya tsira da ƙyar. Na sauke ajiyar zuciya, don kuɗin faifai ya ninka na fahamat. Kawu ba ya ajiye kayan gyara, ya ce in je in sayo da kaina, in tafi da tsofaffin a aljihu da istimara. Na ce ko a mayar da su in lallaɓa da birkin baya in je in dawo. Ya ce ba a garejinsa ba. Dole na bar babur ɗin ya kwana, na tari tasi.

Washegari na fara da wakilin kamfanin. Can akwai layi da lamba, ana zama a jira cikin sanyin na'ura. Da aka zo kaina ma'aikacin bai tambayi sunan babur ba, lambar shasi ya nema, ya kwafe ta daga istimara ya buga a kwamfuta. Wannan yana da muhimmanci, don babur mai suna ɗaya yakan zo da gidan birki iri daban gwargwadon shekarar da aka ƙera shi. Ya ce na asali riyal 110 ne har da haraji, amma babu shi a ƙasa, sai an yi oda, kuma ba zai yi mini alkawarin rana ba. Ya rubuta mini lambar kayan a guntun takarda, wannan kuwa ta yi mini rana daga baya. Mai aike ba ya iya ajiye babur yana jiran jirgin ruwa, don haka na fito na nufi shagunan kayan babur.

A shagon farko yaron ya ji sunan babur ɗin kawai ya miƙo mini wani a leda, ya ce riyal 25. A ido iri ɗaya ne da nawa. Na ciro tsohon na haɗa su baya da baya, sai ga kunnen da ƙusa ke shiga ya goce kaɗan, bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba, amma ya isa ya hana shi zama. Ya ce ai ana ɗan goga shi da fayil ya shiga. Na mayar masa. A shago na gaba mai shagon ya baje mini iri uku a kan kanta. Akwai mai arha wanda ko suna babu a jikinsa. Akwai na tsakiya a kwali rufaffe, da lambar da ta yi daidai da wadda wakili ya rubuta mini. Akwai kuma mai ruwan jan ƙarfe, wanda aka matse garin ƙarfe da zafi har ya haɗe, ya ce shi ya fi daɗewa kuma ba ya jin ruwa. Na kira Kawu a waya. Ya ce gaskiya ne ya fi daɗewa, amma faifai yake ci, ni kuwa faifan nawa saura kaɗan ya kai iyaka, in bar wa masu manyan babura. Game da mai arhar kuma ya ce ya sha ganin namansa ya ɓalle daga jikin ƙarfe idan ya sha zafi. Na ɗauki na tsakiya a riyal 65. Kawu ya ƙara da cewa in haɗo da ƙaramar kwalbar man birki wadda ba a fasa ba, da robobin ƙusoshin gidan birki. Man riyal 20, robobin riyal 10.

Kada ka fita shago ba fatura, wato rasit. Mai shagon ya so ya rage mini wani abu in biya a hannu ba takarda, na ce a'a. Harajin kashi 15 cikin ɗari yana ciki, kuma tun Disambar 2021 fatura ta na'ura ake bayarwa mai ɗauke da lambar QR. Ita ce hujjarka idan kayan bai shiga ba kana son canji, ita ce kuma za a tambaye ka idan ka kira 1900, lambar Ma'aikatar Kasuwanci ta kai ƙorafi, kan kayan jabu. Na tambaye shi sharaɗin mayarwa tun kafin in miƙa kati, ya ce muddin ba a ɗaura shi ba kuma kwalin bai yage ba.

Aikin gaske bayan La'asar aka yi shi, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Gidan birkin irin namu ba a kafe yake ba. Fistin yana gefe ɗaya ne kawai, idan ya tura fahamat na gefensa, sai gidan gaba ɗaya ya zame a kan ƙusoshi biyu ya jawo na ɗaya gefen, su damƙi faifai tare. Idan ƙusoshin suka ƙi zamewa, gefe ɗaya ke ɗaukar wahala, kuma birkin ba ya saki sosai bayan ka ɗaga hannu. Zafin faifai da nauyin turawa da nake ji daga nan suke. Kawu ya ja ƙusar sama ta fito salin-alin. Ta ƙasa kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da ya fesa mata mai, ya kama ta da filaya yana murɗawa hagu da dama, sannan ta fito da jar tsatsa da busasshen giris da ya zama gari. Robar da ke rufe bakinta ta tsage, ta nan ruwa da ƙura suke shiga. Ya ce wannan ciwon Jidda ne. Iskar teku ga gishiri ga laima, ga masu wankin babur da ke harba ruwa mai ƙarfi kai tsaye cikin birki, ga ruwan da ke kwanciya a titi duk lokacin da aka yi sama, wanda mu masu babur muke kutsawa ciki. Ya goge ƙusar da lallausar sanfefa har ta yi fari, ya wanke raminta, ya sa sababbin robobi. Giris ɗin da ya shafa ba baƙin nan ba ne na sarƙa, wani fari ne na silikon a ƙaramin bututu. Ya ce giris na yau da kullum yana kumbura roba, ƙusar ta sake maƙalewa. Da ya mayar, ya sa ni na tura gidan da yatsa biyu, yana tafiya yana dawowa ba gardama.

Sai fistin. Saboda tsofaffin fahamat sun siraɗe, ya fito waje sosai, kuma dole a mayar da shi ciki kafin sababbi masu kauri su samu wuri. Na sha ganin yara suna soka sukurdireba su banƙare shi haka da dattinsa. Kawu ya fara wanke kewayensa da tsohon buroshin haƙori sai da ƙarfen ya fito tas, don dattin da aka tura ciki shi ke yanka robar da ke tare mai. Ya buɗe murfin tukunyar mai da ke kan kan babur, ya shimfiɗa tsumma a kan tanki saboda man birki yana cin fenti, sannan ya ɗora tsohon fahamat a kan fistin ya matsa a hankali har ya shige. Man ya taso a tukunyar, baƙi-baƙi kamar shayin da ya kwana a buta. Sabo kusan fari yake, mai ɗan ruwan ɗorawa.

A kan murfin an rubuta DOT 4, shi na sayo. Wannan man yana shan laimar iska ko da ba a buɗe tukunyar ba, ta jikin tiyo da bakin murfi. Sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, kuma man da ya tafasa tururi ne, ka matsa hannun birki ya tafi har jikin roba babu abin da ya kama. Shi ya sa ake cewa a sauya shi duk shekara biyu, a gari mai laima irin namu kuwa ban ga dalilin wuce haka ba. Shi ya sa kuma ya ce in sayo kwalba rufaffiya, don wadda ta daɗe a buɗe a gareji ta riga ta sha nata. Wanda aka rubuta wa DOT 5 iri daban ne gaba ɗaya, ba a haɗa shi da wannan. Wajen sauyawa ni na zama yaron Kawu. Ya sa siririn tiyo a kan ɗan notin da ke jikin gidan birki, ya zura ɗaya bakin cikin gora, yana cewa "matsa, riƙe", ya sassauta notin mai ya fita, ya ɗaure, sannan ya ce "saki". Haka muka yi ta yi, yana ƙara sabo a sama kada tukunyar ta ƙafe ta ja iska, har abin da ke fita ya zama garau babu kumfa. Ya wanke faifan da abin fesawa, ya hana ni taɓa fuskar fahamat da hannu mai maiƙo, ya ɗaure komai. Kafin a sauke babur ɗin ya matsa hannun birkin sau da yawa har ya yi tauri. Matsawar farko fanko ce, babu birki ko kaɗan, kuma ya ce ya san wanda ya fita gareji bai yi haka ba ya shige bayan wata mota a mahaɗar farko.

Na baya bai ɗauki lokaci ba. A jikin ƙarfen da sandar birkin ƙafa ke ja akwai 'yar kibiya, idan ka taka ta kai kan alamar da ke jikin murfin, gumashat, wato ƙarafan da ke damƙe dorom daga ciki, sun ƙare. Tawa ba ta kai ba. Duk da haka ya cire tayar, ya share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce kada a hura ta da baki ko da iska don ba abin shaƙa ba ce. Ya ɗan goge fuskarsu da ta yi santsi, ya mayar, ya daidaita notin har birkin ƙafar yana sauka kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi kafin ya kama. Ya duba fitilar birki tana kamawa da hannu da ƙafa.

Da na tambayi kuɗin aiki ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Na ce, "Kawu, ka faɗa dai, kada in yi maka ƙwauro." Ya ce riyal 60. Ban nemi ragi ba, don na ga aikin da idona. Duka-duka riyal 155 ke nan, ban da kuɗin tasi. Na farko da na hau, birkin bai kama yadda na zata ba, har na juyo na gaya masa. Ya ce haka sabo yake, sai fuskarsa ta zauna da ta faifai. Ya ce in nemi titin da babu cunkoso in riƙa ɗaukar gudu matsakaici ina ragewa a hankali ba tare da na tsaya cak ba, ina ba shi sarari ya huce, kuma in guji birkin gaggawa da kaya masu nauyi a kilomita 100 zuwa 200 na farko in dai ba dole ba. Haka kuwa aka yi, cikin 'yan kwanaki ya kama sosai, yatsa biyu sun ishe ni.

Fahas sai da na bari birkin ya zauna sannan na je. Yanzu ba a zuwa haka kawai, ana kama lokaci ta intanet, ka sa lambar babur, ka zaɓi tasha da awa, saƙo ya shigo wayarka. Na zaɓi safiya. Na tafi da istimara da iƙama, wato katin izinin zama, na biya da kati, kuɗin babur bai kai na mota ba. Jiran layi ya fi binciken kansa tsawo. Sun duba lambar shasi, fitilu, hon, tayoyi da birki, aka ce ya wuce. Sabunta istimarar kuma a manhajar gwamnati ta Absher na yi ta ina zaune a shago, bayan na tabbatar inshora na da rai, babu tarar da ake bi na, kuma na biya kuɗin sabuntawa ta banki.

Wanda zai bi wannan hanyar, ya fara zuwa gareji kafin shago, don tsohon fahamat a hannu ya fi duk wani kwatance, kuma ya ɗauki hoton istimararsa a waya saboda lambar shasi. Ya je da yamma, kada ya sa ranar Juma'a a lissafinsa, kuma ya shirya cewa babur ɗin na iya kwana. Idan aka ciro tsofaffin, ya karɓa ya duba da kansa kafin a jefar. In sun cinye daidai da juna, sauyawa kawai ya isa. In ɗaya ya fi ɗaya, ko kuma guda ya cinye a karkace, to ya ce a zare ƙusoshin a gabansa. Akwai masu cewa riyal 15 za su ɗaura maka cikin minti goma, kuma ba ƙarya suke ba, ɗaurawar kawai za su yi. Ni a ganina mai birkin faifai bai kamata ya jira ƙara ba. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur, kuma duba shi ba ya buƙatar kwance komai: ka tsuguna ka haska da fitilar waya, in naman ya yi ƙasa da milimita 2 ko tsagar ta shafe, lokaci ya yi. Yanzu duk ranar da zan canza baƙin mai nakan ɗaga gaban in juya tayar in ga ko tana sakin jiki, mai wanki kuma na gaya masa ya kawar da bakin tiyonsa daga gidan birki, can da soso za a wanke.